Masu Sayar da Magungunan Gargajiya a Kasuwar Omdurman

Kasuwar Omdurman da ke Sudan ta bunƙasa ne bayan shekarar 1885, lokacin da Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ya riƙe garin a matsayin hedikwatar daula, kuma cikin sana'o'in da suka kafu a rumfunanta akwai ta aɗɗarai, wato masu sayar da turare da saiwoyi da busassun ganyaye. Cinikinsu yakan ƙaru a ƙarshen damina da shigowar sanyi, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da mura suke yawaita, inda ake neman 'ya'yan bagaruwa domin turara ɗaki da kurkure maƙogwaro, tare da zoborodo da tsamiya da garin 'ya'yan kuka, waɗanda galibi fatake ke kawowa daga Kordofan da Darfur. Bahaushen da ya yada zango a Sudan kan hanyar Makka bai ga baƙon abu a cikinsu ba.

Buɗe makarantar koyon aikin likita ta Kitchener a Khartum a 1924 bai kashe wannan sana'a ba, domin talaka ya ci gaba da fara neman sauƙi a kasuwa kafin asibiti. Bagaruwa dai tana sauƙaƙa tari, amma ba ta warkar da zazzaɓin cizon sauro.