Gangar Kakana: Tarihin Tafiyar Labari a Ƙasar Kudan

A zauren gidanmu da ke Kudan akwai wata tsohuwar ganga rataye a jikin azara, fatarta ta tsage, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Ta kakana ce, mahaifin babana, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa sarkin gari shela. Ina ƙarama nakan tsokane shi in ce ganga ta mutu ta bar mai ita. Sai ya yi dariya ya ce, "Amarya, ganga ba ta mutu ba, kishiyoyi aka yi mata." Na daɗe ina ɗaukar wannan magana a wasan kaka da jika. Sai da na girma, na bi diddigin kishiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, wato jarida da rediyo da wayar hannu, sannan na ga halin da suka gada daga uwargidansu. Fiye da shekara ɗari ke nan labarin hukuma yana sauko mana da gudu, amma namu labarin, na rijiyar da ta ƙafe da ɗakin shan maganin da ba kowa a ciki, da rarrafe yake hawa.

Kudan tana arewa da birnin Zariya, a kan hanyar da ta ratsa Hunkuyi ta nufi Danja ta Jihar Katsina. Ƙasa ce ta fadama, wadda aka sani da rake da mazarƙwaila da tumatir, a 'yan shekarun nan kuma da inabi. Kamar sauran garuruwan Zazzau, tun kafin zuwan Turawa labari yana da hanyoyinsa sanannu. Ta farko ita ce shela. Mai shela yakan tsaya a ƙofar fada, ya tsaya a bakin kasuwa da mararrabar unguwanni, ya buga ganga har a yi tsit, sannan ya isar da gaisuwar sarki kafin ya faɗi saƙo: an ga wata, ko gobe akwai gayyar yashe rijiya, ko shuka ta fito kowa ya ɗaure dabbarsa, ko ana cigiyar yaro. Kakana yakan ce ƙarfin shela ba a makogwaro yake ba. Ƙarfinta shi ne kowa ya san gidan mai yin ta, in ya ƙara gishiri da safe za a yi masa sallama.

Hanya ta biyu kasuwa ce. Fatake da 'yan koli da dillalai su ne ke kawo farashin hatsi da labarin hanya, wace ce lafiya, wace ce ta ɓaci. Har gobe wanda ya ci kasuwar Laraba ta Makarfi ba da kaya kaɗai yake komawa gida ba. Hanya ta uku kuwa littattafan tarihi ba su cika kula da ita ba, ita ce ta cikin gida. Matan aure suna kulle, amma ba abin da ke wuce su, domin 'yan talla suna shiga gida-gida da farantin ƙosai da ƙullin magana. Ni kaina na yi wannan aike. Kafin in sayar da abin da ke kaina na kai labarin haihuwa gida biyar, na kuma dawo wa innata da na rashin lafiyar wata tsohuwa da ya kamata a je dubawa. Ungozoma da wanzami su ma jakadu ne, don babu gidan da ke rufe musu ƙofa.

A 1902 Turawan Ingila suka kama Zariya. Ba da jimawa ba suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, aka tsara tsani daga Razdan zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Ta wannan tsani umarni ke gangarowa, mai shela kuwa shi ne matakin ƙarshe. Daga nan muryar ganga ta sauya. Ta fara kiran haraji da jangali da kuɗin Bature, ta fara neman majiya ƙarfi don aikin dole. Hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, ta bi ta ƙasarmu, aka kafa tasha a Likoro da Gimi, da gumin talakawa aka shimfiɗa ta. Kakana ya ji daga mahaifinsa cewa a wancan zamani in aka ji ganga da hantsi, samari ta bayan danga suke ficewa su shige cikin rake. Lokacin kaka kuma ganga ce ke faɗin ranar buɗe fuloti, inda ake auna auduga a kan farashin da ba manomi ne ya yanka ba.

Ba za a ce tsanin bai sauko da alheri ko kaɗan ba. En'e ta gina ɗakunan shan magani da makarantun elementare, ta aiko duba-gari da malaman gona. Masu lamba sun zagaya ƙauyuka har aka ga bayan agana, manyanmu da yawa suna ɗauke da tabon a damtse. Sai dai duk waɗannan a sama ake yanke su. Talakan da ke da kuka sai ya faɗa wa mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya auna ko maganar za ta ɓata wa hakimi rai. A kowane mataki kukan yana rage nauyi, kafin ya isa Zariya ya zama "lafiya lau, ranka ya daɗe."

Kishiyar farko ta iso a watan Janairun 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Kwabo guda ake sayar da ita, kuma kofi ɗaya yakan ishi unguwa, domin mai karatun boko zai zauna a gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, ta Lardin Zazzau ita ce Bazazzaga. Abin da ya fi ba kakana mamaki a jarida shi ne shafin wasiƙu. A karo na farko ga mutumin ƙauye yana iya rubuta kukansa, ya tsallake dagaci da hakimi, har a karanta shi a Kaduna. Ƙofa ce aka buɗe, amma ƙarama, don masu iya riƙe alƙalamin boko a lokacin ba su da yawa, mata a cikinsu kuwa sai an tona.

Rediyo ce ta shiga inda jarida ta kasa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, akwatin rediyo mai batir ya zama abokin manomi, a rataye shi a reshe ana huɗa. Ta rediyo aka ji juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa, ta nan kuma shawarwarin masanan aikin gona na Samaru suka riƙa isa fadama. Matan kulle suka samu taga, masu aika katin zaɓi-sonka suka ji sunan garinsu a iska. Amma rediyo ta zo da wani abin mamaki. Dattijo a majalisa zai warware maka rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla, ka tambaye shi me ya hana takin zamani isowa mazaɓarsa, ya ce Allah masani. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gwada wata dabara tun 1962, inda suka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a karkara, ana naɗar muryoyin manoma a mayar gidan rediyo a watsa. A wajenmu, galibi birni ke magana, ƙauye na saurare.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo da alkawarin kawo gwamnati kusa da jama'a. Ƙasarmu ta faɗa ƙarƙashin Ikara, daga baya aka yanki Makarfi daga Ikara, a 1996 kuma aka yanki Ƙaramar Hukumar Kudan daga Makarfi, hedikwatarta a Hunkuyi. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da dubu 138. A tsakanin nan, a 1979, gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, talakawa suka yi ajiyar zuciya. Sakatariya ta matso har ana iya zuwa a keke, amma kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, saboda haka mai yanke hukunci bai matso ba. Wata rana na ji kakana yana cewa, "Amarya, da can da za su karɓa, sun san sunan kowane magidanci da yawan awakinsa. Yau da za su bayar, sai su ce ba su san adadinmu ba."

Shekarar 2003 ta nuna wa hukuma cewa hanyoyin da ta raina suna nan da ransu. Jita-jita ta bazu cewa allurar rigakafin shan-inna tana hana haihuwa, har aka dakatar da aikin a wasu jihohin Arewa, Kano ce ta fi daɗewa. Rediyo ta yi ta lallashi, amma maganar ta riga ta bi ta majalisa da gidan biki da farantin talla, nan kuwa sanarwar gwamnati ba ta da kujera. Na tuna mata suna ɓoye yara a bayan rumbu, kamar yadda kakanninsu suka ɓuya a cikin rake. Tambayar da ake yi a zaure ita ce, me ya sa ake bin mu gida-gida da maganin da ba mu roƙa ba, alhali na zazzaɓin cizon sauro da muke nema babu? Al'amarin bai daidaita ba sai da aka koma ga sarakuna da limamai da masu unguwanni, musamman bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Mutanen da aka san ƙofar gidansu ne suka ƙarasa wannan aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wani dare ne na damina. Naƙuda ta kama matar kawuna a wani ƙauye, ta zo da gardama, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka ɗora ta a babur zuwa ɗakin shan magani mafi kusa, aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Kafin a samo mota a ratsa taɓo zuwa babban asibiti, gari ya waye. Allah ya tsallakar da uwar, jaririn bai zo da rai ba. A zaman gaisuwa na fahimci cewa babu wanda bai san wurin nan ya yi watanni ba ma'aikacin dare ba. Mata sun sani, 'yan acaɓa sun sani, mai shayi ya sani. Labarin ya zagaye ƙauye kaf, bai taka mataki ɗaya na tsani ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, na kuwa yarda da ƙaddara, amma kwaɗon nan hannun mutum ne ya datse shi.

Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ita ce amaryar ƙarshe, ta kuma yi abin a yaba. Manomin tumatir yana jin farashin Legas kafin ya loda kwando, dillali ba ya iya rufe shi kamar da. A 2016, da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, ta waya manoma suka riƙa gargaɗin juna. Matasa suna ɗaukar hoton ajin da rufinsa ya yaye su saka a Facebook, wani lokaci kunya ta sa a gyara. Wannan ce hanya mafi faɗi da kukanmu ya taɓa samu. Aibinta shi ne ta rasa abin da ganga ke da shi. Saƙon murya zai shigo WhatsApp da tsakar dare cewa ga mahara nan, gari ya kwana a tsaye, da safe a nemi mai maganar a rasa. Ba a san gidansa ba balle a yi masa sallama.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da hukuncin ya tabbata a aikace, tarihin nan ya koya mini cewa kuɗi a Hunkuyi ba zai zama magani a Likoro ko Garu ko Doka ba, sai jama'a sun san nawa ya shigo, su kuma samu inda za su faɗi abin da bai iso ba. Abin da nake fata bai fi ƙarfinmu ba. A kafa allo a kowace mazaɓa, a rubuta da Hausa, boko da ajami, aikin da aka ware wa kuɗi da sunan wanda aka ba. Kwamitocin lafiya na mazaɓu su ajiye littafin koke, a karanta shi a bainar jama'a, mata su samu wakilcin gaske a ciki, tunda su ne suka fi kowa sanin wace ƙofa ce a rufe da dare. Ikara da Makarfi da Kudan kuma su haɗa ƙarfi su nemi gidan rediyon al'umma, wanda masu magana a cikinsa 'yan gari ne da za a iya tarewa a masallaci a tambaya.

Kakana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da za a raba 'yan komatsansa ba wanda ya nemi gangar, sai na roƙa a bar ta inda take. Ran nan ɗana ya tsaya a ƙarƙashinta ya tambaye ni, "Umma, wannan ta mece ce?" Na ce ta kiran mutane ce su ji maganar sarki. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To su in za su kira sarki, wacce suke bugawa?"