Katin shaida a bakin get, daji a bayan hostel

Shekaranjiya mai gadi ya tsare ni a get ɗin makarantarmu saboda na baro katin shaidata a gida Suleja. Na ce, Baba ka san fuskata ai, ya ce doka ce. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Sai wani ɗan ajinmu ya ja ni gefe ya ce in bi ta baya, inda katanga ta faɗi tun damina. Minti biyar sai ga ni a aji, ba wanda ya ce mini kanzil. Tun ranar nake tambayar kaina: wannan tsaron namu, wa yake karewa, kuma daga wa?

Mu 'yan Suleja mun ji ƙarar bam tun kafin a fara maganar tsaron makarantu. Ranar 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin INEC na garinmu, masu bautar ƙasa na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Kirsimetin shekarar kuma sai Madalla. Ina sakandare lokacin, kuma na ga yadda aka cika gari da shingaye da na'urar caje jiki.

Daga nan abin ya shiga makarantu. Ranar 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu ibada a tsohon kamfus na BUK, har da farfesoshi biyu cikin mamatan. A Satumba 2013 aka kashe ɗalibai sama da 40 a Kwalejin Noma ta Gujba suna barci. A Fabrairu 2014 aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi aka kashe yara maza, gwamnan Yobe na lokacin ya yi ƙorafin cewa an yi awanni ana ɓarna ba jami'in da ya zo. A Nuwamba 2014 a Potiskum, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga asambile sanye da yunifom. Ku lura da wannan: ya shiga da kayan da mai gadi yake dubawa.

Bayan an kwashi 'yan mata 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja cikin watan Mayu, tare da Gordon Brown, 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10. A 2015 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Oslo kan tsaron makarantu. A ƙarshen 2022 aka fito da tsarin naira biliyan 144.8 na 2023 zuwa 2026. Takarda kam ba mu rasa ta ba.

To me ya biyo baya? Dapchi, Fabrairu 2018, 'yan mata 110, bayan an janye sojoji daga garin. Ƙanƙara, Disamba 2020, sama da 300. Sai abin ya iso jiharmu. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Kagara cikin dare, aka harbe ɗalibi ɗaya, aka tafi da mutum 42. Duk wanda ya ga hotunan ɗakunan kwanan nan ya san ba a buƙatar ƙarfi a shiga. Ranar 30 ga Mayu kuma da rana tsaka aka kwashi ƙananan yara sama da 130 a Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina. Kusan wata uku suka yi a daji, iyaye na sayar da abin hannunsu, wasu yaran can suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Wani zai ce ai rashin sojoji a kusa ne. Kwalejin Gandun Daji ta Afaka tana dab da NDA a Kaduna, amma a Maris 2021 aka ɗauki ɗalibai 39. Wani zai ce rashin kuɗi da kayan aiki ne. A Uvalde ta Amurka, a Mayu 2022, jami'ai 376 suka taru, amma sai da aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai biyu suka mutu. Bindigar da ke kusa ba ta da amfani in ba a ba da umarnin motsi ba.

Abin da na tsinta cikin wannan tarihin shi ne, sau da yawa akwai labari kafin hari. A Chibok, Amnesty ta ce sojoji sun samu gargaɗi awa huɗu kafin, sojoji suka musanta. A Papiri, inda aka kwashi ɗaruruwa a makarantar St Mary's ranar 21 ga Nuwamba 2025, gwamnati ta ce ta yi gargaɗi, makarantar ta ce ba ta samu ba. Ko wa ke da gaskiya, saƙon bai zama aiki ba. Sai aka koma ga matakin da aka saba: rufe makarantun jihar gaba ɗaya. Ƙannena biyu suka dawo gida suna zaman jira. Rufewa na tsare rai na ɗan lokaci, amma yarinyar da ta zauna gida wata shida, ba kowacce ke komawa aji ba.

Mu 'yan jami'a kuma kada mu ɗauka mun tsira. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauka a Satumba 2023, a gidajen haya na Sabon Gida aka same su, wajen katanga. Nawa ne cikinmu suke kwana a cikin makaranta?

Ban ce a cire get ba. Katanga na hana ɓarawon waya, tana kuma jinkirta mai mugun nufi. Amma jinkiri yana da amfani ne in akwai mai zuwa. Don haka ga abin da zan tambaya a taron ƙungiyar ɗalibai mai zuwa, ku ma ku tambaya a naku: in an ga baƙin babura ƙarfe biyun dare, lambar wa za a kira? Wa zai ɗaga? Minti nawa kafin su iso? An taɓa gwadawa? Masu zama a gidajen haya suna cikin lissafin?

Jiya na koma da katina, Baba mai gadi ya duba ya ce in wuce. Na tambaye shi ko yana da lambar DPO. Ya ce tana wajen ogansa, shi kuma ogan ƙarfe huɗu yake tashi.