William Colenso, Mai Ɗab'in Da Ya Yi Wa Gwamna Tambaya

In ka duba taswirar duniya, can kudu maso gabas da Ostareliya, za ka ga manyan tsibirai biyu a tsakiyar teku. Su ake kira Niyu Zilan, mutanen da Turawa suka tarar a can kuwa sunansu Mawori. Labarin da za mu ba da na wani Bature ne da ya shekara 64 a cikinsu, ana ce da shi William Colenso.

An haife shi a Penzance ta ƙasar Ingila cikin 1811, tun yana yaro aka sa shi koyon aikin ɗab'i. Da ƙungiyar mishan ta C.M.S., watau wadda muka sani a Lakwaja da Wusasa, ta nemi mai buga mata littattafai, sai ya ba da kansa. Ya sauka Paihia a ƙarshen Disamba 1834 da injinsa, sai ya tarar waɗanda suka yi masa shiri a Landan sun manta da takarda da waɗansu kayan aiki. Bai zauna jira ba. Ya sa aka sassaƙa masa abin da ya rasa, ya roƙi takardar rubutu wurin abokan aikinsa, cikin Fabrairu 1835 ya fid da ɗan littafinsa na farko. Cikin 1837 ya gama buga Sabon Alkawari da harshen Mawori, guda 5,000.

Wannan aiki shi ya sa ya ji harshen sarai, jin harshen kuwa shi ya kai shi ga abin da ake tunawa da shi. Cikin 1840 Kyaftin William Hobson ya zo ƙulla yarjejeniya da sarakunan Mawori da sunan Sarauniya Victoria. Da Turanci aka rubuta ta, aka juya ta cikin dare ɗaya. Ran 6 ga Fabrairu aka taru a Waitangi. Wani sarki, Hone Heke, ya tashi zai sa hannu ke nan, sai Colenso ya matso, ya tambayi Hobson ko yana tsammani mutanen nan sun fahimci abin da za su sa wa hannu. Hobson ya amsa cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, in ba su gane ba, ba laifinsa ba ne. Aka ci gaba, daga baya har sarakuna fiye da 500 suka sa hannu.

To, ashe mai ɗab'in nan ya hango abin da manya ba su hango ba. Takardar Turanci ta ce sarakuna sun miƙa mulkinsu ga Sarauniya ɗungum. Ta Mawori kuwa ta ce sun ba ta ikon gwamna ne, su kuwa suna nan da sarautarsu bisa ƙasarsu. Ba a yi shekara biyar ba Hone Heke ya sare sandar tutar Ingila, cikin 1845 yaƙi ya tashi. Sai 1975 gwamnati ta kafa majalisar sauraron ƙarar Mawori a kan wannan yarjejeniya.

Ban da ɗab'i, Colenso mutum ne mai son tsire-tsire. Ya sadu da Charles Darwin cikin 1835, da Joseph Hooker cikin 1841, ya kuwa daɗe yana aika wa Hooker ganyaye da furanni zuwa lambun Kew na Landan. Cikin 1844 aka naɗa shi dikon, aka tura shi Ahuriri, kusa da inda garin Napier yake. Daga can ya riƙa tafiya a ƙasa, Mawori na yi masa jagora. Cikin 1845 ya hau duwatsun Ruahine, ya ga tsire-tsiren da bai taɓa gani ba, har ya tuɓe rigarsa da hularsa ya cika da su, amma yunwa ta komo da su. Cikin 1847 ya ƙetare.

Amma kowane gauta ja ne, sai in bai sha rana ba. Colenso mutum ne mai zafin rai, mai tsananta wa mabiyansa a kan zunubi. Sai ga shi cikin 1851 wata yarinya Mawori mai aiki a gidansa, Ripeka, ta haifa masa ɗa, alhali kuwa yana da mata. Cikin 1852 aka tuɓe shi, daga baya matarsa ta tafi, waɗanda ya yi wa wa'azi suka juya masa baya. Turawan da ya yi ta hana Mawori sayar musu da ƙasa kuwa suka sami abin dariya.

Duk da haka bai kwanta ba. Ya shiga majalisar dokoki cikin 1861, manyan masanan Ingila suka ɗauke shi cikin ƙungiyarsu cikin 1886, cikin 1890 ya buga labarin abin da ya gani a Waitangi. Coci ta mai da shi aikinsa cikin 1894, ya rasu a Napier cikin 1899.

Ka ji labarin Colenso. Laifinsa ya bi shi shekara 42 kafin a yafe masa. Tambayarsa kuwa ta fi shi daɗewa, don har yanzu duk wanda aka miƙa wa takarda da harshen da ba nasa ba, ya kamata a yi masa ita kafin ya ɗauki alƙalami.