Ƙirji da Takarda: Tarihin Wata Tsohuwar Gardama

Tsoron kada rubutu ya kashe hadda ba sabon abu ba ne. Kimanin shekara 370 kafin haihuwar Annabi Isa, Aflatun ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka nuna wa haruffa, sai ya kushe su, wai za su sa mutane su bar tuna abu da kansu, su dogara ga zane.

Musulmin farko kuwa ta wata fuska abin ya zo musu. Da mahaddata masu yawa suka yi shahada a Yaƙin Yamama, sai Sayyadina Umar ya ba Sayyadina Abubakar shawara a tattara Alƙur'ani wuri guda. Aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin, ya bi abin da ke rubuce a ganyen dabino da fararen duwatsu, ya haɗa da abin da ke ƙirazan mutane. Hadisi shi ya fi jinkiri, don akwai malaman da suka ƙi jinin rubuta shi, suna gudun almajiri ya jingina ga littafi ya saki hadda. Sai da Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi halifanci daga 717 zuwa 720, ya aika wa Abubakar ɗan Hazmu a Madina ya rubuta, domin yana tsoron ilmi ya tafi da mutuwar malamai.

Shin masu ƙin nan sun yi gaskiya? A ganina sun yi rabinta. A 2011 Betsy Sparrow da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa wanda ya san an ajiye masa bayani a kwamfuta ba ya riƙe bayanin sosai, amma yakan riƙe inda aka ajiye shi. Tun a 2000 kuma Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace titunan birnin, ta tarar wani sashe mai kula da sanin wuri ya fi na sauran mutane girma. Watau hadda tana barin sawu a nama.

To, a nan ne allo ya cancanci a dube shi da kyau. Yaro ya rubuta, ya biya har ya zauna, sa'an nan ya wanke. Rubutun da ya san gobe za a wanke, ba zai yiwu ya mai da shi ma'aji ba. Daga wannan makaranta alarammomi ke fitowa, masu rubuta izu sittin da ka.