Tsargiya: Jinin da Aka Ɗauka Alamar Girma

Mu da muka tashi a ƙasar Ƙaraye da Rogo mun san tsargiya tun muna 'yan ƙanana. Yaro zai yi fitsari, ƙarshensa ya zo da ɗigon jini, sai ka ji wasu manya na cewa ai girma ne ya zo, wasu kuma su ɗora wa zafin rana. Ni dai a ganina wannan magana ta cuci yara da yawa, kuma tarihin cutar ya ƙaryata ta.

Bari mu fara da jikin kansa. Kowane mutum yana da ƙoda biyu, dama da hagu na ƙashin baya. Aikinsu tace jini. A kwana guda sukan tace ruwa kimanin lita 180, jiki ya sake shanye kusan duka, ragowar wajen lita ɗaya da rabi ita ce fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririyar hanya da ke gangarowa mafitsara, inda fitsarin ke taruwa kafin ya fita. To, lafiyayyar ƙoda ba ta barin jini ya zurare. In ka gan shi a fitsari, akwai rauni a wani wuri.

Ina raunin yake? A shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana binciken gawa a Alƙahira, ya tarar da wata tsutsa cikin jijiyoyin jini. Irin wadda ke damunmu tana zaune ne a jijiyoyin da suka kewaye mafitsara, tana zuba ƙwai masu ƙaya da ke huda bangonta. Shi ya sa jinin ke zuwa a ƙarshe, watau lokacin da mafitsara ta matse. In abin ya daɗe, hanyoyin nan biyu kan toshe, ƙoda ta kumbura, wani ma har ciwon daji na mafitsara ya kama shi. Cutar kuwa tsohuwa ce, don a 1910 Ruffer ya ga ƙwan nan a ƙodar gawawwakin Misirawa da suka yi shekara wajen 3,000.

Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa tsutsar ba ta iya kama mutum sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Mai ciwo ya yi fitsari a kududdufi, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga dodon koɗi, su fito su huda fatar mai wanka.

Nan fa labarin ya iso gida. Dodon koɗin nan ba abin da yake so kamar ruwa mai kwanciya. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsun Bagauda da Tiga, daga baya aka kammala ta Calawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Ba mai musun albarkar noman rani da kamun kifi da suka kawo, amma ruwan nan shi ne kuma wurin ninƙayar 'ya'yanmu. Maganin Praziquantel, wanda aka samo a shekarun 1970, yana kashe tsutsar, sai dai ba ya hana yaro sake ɗaukarta ranar da ya koma ruwa.