Majami'ar Faras da Darasin Ikkilisiyar Nubiya

A arewacin Sudan, dab da iyakar Masar, akwai wata babbar majami'a wadda ba wanda zai ƙara yin sujada a cikinta, gama tana ƙarƙashin ruwa. Sunan garin Faras. Ya kamata kowane mai bi ya san labarinta, domin yana nuna mana abin da ke kashe ikkilisiya.

Bishara ta kahu a ƙasar Nubiya, wato kwarin Kogin Nilu kudu da Aswan, a ƙarni na shida. Wajen shekara ta 543 wani mai wa'azi, Yuliyanus, ya iso mulkin Nobatiya daga Kustantiniya. Bishop Longinus ya bi sawunsa, har ya kai mulkin Alwa a 580. Ba a jima ba mulkoki uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, suka karɓi bangaskiya. A 652 rundunar Larabawa daga Masar ta kewaye Dungula, babban birnin Makuriya, amma ba ta ci shi ba. Aka ƙulla yarjejeniya wadda ta daɗe wajen shekara 600. A cikin wannan zaman lafiya ne Bishop Bulus ya sāke gina majami'ar Faras a 707, aka kuma juya sassan Littafi Mai Tsarki cikin harshen Nubiya.

Amma fa akwai rauni a gindin abin. Ikkilisiyar ta jingina ƙwarai ga fada, bishop-bishop ɗinta kuwa sai shugaban ikkilisiyar Kibɗawa a Masar ne ke naɗa su. Sa'ad da gardamar gādo da hare-haren sarakunan Masar suka raunana sarauta, sai ikkilisiya ta raunana tare da ita. A 1317 aka mai da zauren sarautar Dungula masallaci. Bishop Timotawus, wanda aka sami takardun naɗinsa na 1372 a kabarinsa a Kasar Ibrim, yana cikin na ƙarshe da aka san an naɗo daga Masar. Wajen 1500 Soba, babban birnin Alwa, ya faɗi.

Wani limamin Fotugal, Faransisko Albares, wanda ya zauna a Habasha daga 1520 zuwa 1526, ya rubuta abin da ya gani. Mutum shida suka zo daga Nubiya suna roƙon sarkin Habasha ya aiko musu da limamai su koya musu. Sarkin bai aika ba, ya ce shi ma daga Masar yake samun nasa bishop. Albares ya kuma ji daga bakin wani matafiyi cewa akwai majami'u wajen 150 a ƙasar, da gicciye da zane-zane a cikinsu. Mu lura da wannan: gine-ginen suna tsaye, masu koyarwa ne babu. A hankali 'ya'ya suka tashi ba su san abin da kakanninsu suka gaskata ba.

Yashi ya binne majami'ar Faras shekaru ɗaruruwa. Da aka soma gina madatsar ruwa ta Aswan, masu binciken tarihi daga Folan, a ƙarƙashin Kazimir Mihalowski, suka tone ta daga 1961 zuwa 1964. Suka sami zane-zanen bango fiye da 150, da jerin sunayen bishop-bishop na garin a rubuce. Aka ɓamɓare yawancin zanen, aka raba tsakanin Kartum da Warso, sa'an nan ruwa ya rufe wurin. Gidan tarihin Kartum ɗin ma an washe shi a yaƙin da ya ɓarke a 2023.

'Yan'uwa, rasa ɗakin sujada abin baƙin ciki ne, ba mu kuwa rena hawayen waɗanda suka gani da idonsu ba. Masu bi na Damagaram da Yamai sun san wannan zafi, gama a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u da yawa a biranen nan. Duk da haka ba su bar taruwa ba, domin akwai masu karanta musu Magana, suna kuma da ita cikin harsunan da suke ji. Haka Ubangiji ya koya wa matar Samariya cikin Yohanna sura 4, cewa sujada ta gaskiya ba a ɗaure take da wani dutse ko birni ba.

Saboda haka bari kowace ikkilisiya da ke tara kuɗin kwano da siminti ta tambayi kanta: matasa nawa muka aika makarantar Littafi Mai Tsarki? Iyaye nawa ke koyar da 'ya'yansu a gida? In kuma 'yan'uwa na wata ƙasa suka aiko suna neman malamai, kamar mutum shidan nan, Allah ya ba mu zuciyar da ba za ta sallame su hannu wofi ba.