Warki da Laya: Suturar Ƴan Hawan Ƙaho a Ƙasar Matamaye

A ranar biki irin wannan, idanun jama'a sukan tafi ne ga alkyabba da rawani da dawakai masu ado. Amma akwai wata sutura da ta daɗe tana bayyana a ƙofar fada, wadda ba ta da aiki ko surfani, kuma ita ma tana cikin tarihin sarauta. Wannan ita ce suturar ƴan hawan ƙaho.

Hawan ƙaho wasan mahauta ne, wato Rundawa, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Fawa. Akan yi shi lokacin bukukuwan salla ko naɗin sarauta, kuma har yanzu birnin Damagaram ya yi suna da shi. Akan zaɓi bijimi mai faɗa, a ɗaure shi da igiya a ƙafa, samari su riƙe. Makaɗan kalangu su zuga, ɗan wasa ya yi kirari, sa'an nan ya tunkari bijimin, ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ya rungume wuyansa. Ba abin mamaki ba ne wasan ya samu gindin zama a nan, domin garinmu yana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto zuwa Mai'aduwa da Daura da Kano, hanyar da fataken shanu suka daɗe suna bi.

Ginshiƙin suturar shi ne warki, wato fatar akuya ko ta tunkiya da aka jeme, a ɗaura a ƙugu. Majema kan jeme ta da bagaruwa har ta yi laushi, dukawa kuma su gyara ta. Akwai hikima a cikin ƙarancinta. Babbar riga ko wando mai faɗi tarko ne ga mai sanye da su, domin da zarar ƙaho ya sarƙafe tufa, bijimi ya samu abin ɗaga mutum ya maka da ƙasa. Fata kuwa tana manne da jiki, ba ta saurin yagewa.

Bayan warki sai kayan tsari: guru a ƙugu, kambu a damtse, layu a wuya, duk a ɗinke cikin fata. Magabata sun ɗauke su kariya daga kaifin ƙaho, kuma da yawa gadonsu ake yi daga uba zuwa ɗa. Malamai sun yi ta jan kunne kan dogaro da su, gama tsari na Allah ne. Duk da haka, mai nazarin tarihi zai ga aikin hannun dukawanmu a jikinsu, ya kuma gane gidan da ɗan wasa ya fito.

A ƙasar Sifen ma akwai masu karawa da bijimai. Tasu suturar ta alharini ce mai adon zaren zinariya, wadda suke kira rigar haske, kuma a ƙarni na 19 ne ta ɗauki siffar da aka san ta da ita. Nasu gwanin yana riƙe da jan ƙyalle da takobi, a fage yake kashe bijimin. Namu kuwa hannu sake yake shiga, bijimin kuma a mahauta ake yanka shi bisa shari'a, jama'a su ci nama. Wancan dukiya ya sanya a jiki, wannan kuwa sana'ar gidansu ya ɗaura.

A yau matasa da yawa sun koma gajeren wando da rigar ƙwallo, tsofaffin warkuna kuma suna lalacewa a ɗakuna. Kokowa ta yi sa'a, domin gasar takobi ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 ta sa duniya na ganin adon ƴan kokowa. Hawan ƙaho bai samu irin wannan gata ba.

Saboda haka muna kira ga Sarkin Fawa da dattawan Rundawa da masu faɗa a ji, a tattara abin da ya rage na waɗannan kaya, a rubuta sunayensu daga bakin waɗanda suka ɗaura su, a adana a fada. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.